Faifan Safety Last! na Criterion: ka duba na'urarka kafin ka saya

Wanda ya san fim ɗin nan ta dusassun kwafin intanet bai gan shi ba tukuna. Criterion, kamfanin Amurka mai sake fitar da finafinai, ya fitar da shi a faifan Blu-ray a 2013, shekara 90 bayan fitowarsa a 1923, an gyara hoton ya fito tar, har ana iya ƙirga motocin da ke wucewa can ƙasa yayin da Harold Lloyd, jarumin wannan fim na barkwanci, ke reto a hannun agogon wani dogon bene da yake hawa ta bango.

Tsabtar hoton ba ado ba ce. Barkwancin zamanin fim marar magana a jiki yake: faɗuwa, tsere, santsi. Na Lloyd kuwa sai da tsoro yake ci, in ba ka ga zurfin titin ba, dariyar ta mutu. An gina bangon bogi a kan rufin wasu benaye na Los Angeles, kowanne ya fi na baya tsawo, aka saita kyamara yadda titin gaske zai fito a ƙasa. A hotunan nesa ba Lloyd ba ne ke hawa, Bill Strother ne, gwanin hawan bene. Ka lura da hannun daman Lloyd, safar hannu ce ya sa. Bam ɗin da aka zaci na wasa ne ya cire masa babban yatsa da manuniya a 1919, da ragowar yatsun yake wannan riƙo.

Kiɗa biyu ne a faifan. Na Carl Davis na 1989 ya fi, domin yana hawa tare da mutumin, bene bayan bene. Na Gaylord Carter ka ajiye shi sai kallo na biyu. Akwai gajerun finafinai 3 na 1918 zuwa 1920, ba su kai babban kyau ba, amma suna nuna inda Lloyd ya faro.

Ga inda ake cin tuntuɓe. Ana kulle faifan Blu-ray bisa yankin duniya: bugun Amurka na yankin A ne, na'urorin Afirka da Turai kuwa yankin B, faifan ba zai buɗe ba sai a na'urar yankin A ko wadda ke karɓar kowane yanki. Rubutun da ke tsakanin fitowa da Turanci yake. Hoton 4:3 ne, baƙin da ke gefe biyu ba matsala ba ce, kada ka miƙe shi ya cika allo, fuskoki za su baje. Ka kuma kashe saitin talabijin mai sulɓanta motsi, yana ƙirƙiro hotunan da kyamara ba ta ɗauka ba, sai hannun da ke fizga ya riƙa barin inuwa.