Ɗakin bincike na PRAAD a Ankara: me mai nazarin tarihin zango zai samu?

Hukumar adana takardun gwamnatin Gana, wadda aka fi sani da PRAAD tun dokar 1997, tana da hedikwatarta a kan Castle Road a Ankara, babban birnin ƙasar, da rassa a Kumasi, Tamale, Kef Kos da wasu garuruwa. Ga ɗalibin da yake so ya kafa bincikensa a kan takardu, ba a kan hira da dattawa kaɗai ba, wurin ya cancanci kuɗin torotoro, wato motar haya.

Shiga ba wuya. A je da katin shaida da wasiƙar gabatarwa daga sashen jami'a, a biya kuɗin rajista, sannan a zauna da kundayen jerin fayiloli. Kowane fayil da lambarsa, ita ake rubutawa a takardar nema. Kafin a ɗauki hoto da waya a nemi izini. Hoton farko ya zama na bangon fayil mai ɗauke da lambar, in ba haka ba bayan wata guda mutum zai tarar da hotuna ɗari biyu marasa asali.

Rukuni biyu suka fi amfanar mai binciken zango: ADM 11, takardun sakataren harkokin 'yan ƙasa na zamanin Turawa, da ADM 56 na yankin arewa. Rigingimun limanci da sarautar zango da na fili suna kuma fitowa a takardun kotu. Wanda yake bin sawun Malam Bako da kafuwar Sabon Zango, unguwar da ya kafa a Ankara, nan zai fi daɗewa.

Inda sababbi suke tuntuɓe shi ne wajen neman suna. Magatakardan Turawa sun rubuta Haussa, sun rubuta Mohammedan, kuma suna ɗaya kan zo da rubutu iri uku. Mafi muni, duk sojan da ya fito daga arewa Bahaushe ne a wurinsu, ko Bagurunshe ne ko Bamoshe. Mai ɗaukar wannan laƙabi yadda ya gan shi zai ƙirga Hausawan da ba su taɓa wanzuwa ba. Haka nan takardar koke da ke ɗauke da sunan sarkin zango sau da yawa wani marubucin wasiƙa ne ya tsara ta da Turanci, sarki dangwala yatsa ko alama kawai ya yi. Don haka a karanta gajerun bayanan da jami'ai suka rubuta wa juna a gaban fayil, domin a nan ake gane dalilin hukunci.

Raunin wurin daga asalin takardun yake: muryar gwamnati ce. Gyaran wannan yana Legon, a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana, inda masanin tarihi Ivor Wilks da abokan aikinsa suka tara rubuce-rubucen Larabci da na ajami a shekarun 1960, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete Karaci, wanda ya rasu a 1934. Yawancinsu kwafi ne, an mayar wa masu su na asali, saboda haka launin tawada da irin takarda ba za su taimaka wajen gano shekarar rubutu ba. Wanda bai iya ajami ba ya nemi malamin zaure su karanta tare, ya rubuta sunansa cikin masu aikin.