Google Earth Pro: manhajar da ya kamata kwamitin unguwa ya riƙe kafin katafila ta iso

Duk unguwar da ke da fili a gefenta, wata rana kamfanin gine-gine zai zo kansa. Matsalarmu ita ce ba ma tashi sai mun ga katafila tana share ciyawa, alhali a lokacin an riga an gama magana. Kafin ta iso, kamfani ya sayi filin, safiyo ya auna, an yanka fuloti-fuloti a taswira, hukumar tsara birane ta ba da izini, banki kuma ya saki bashi. Daga ranar da bashin ya fito kuɗin ruwa ke hawa, don haka duk gyaran da aka nema asara ce ga mai gini. Tun ran gini ran zane. Maganar unguwa tana da nauyi ne sa'adda taswira take kan takarda ana jiran sa hannun hukuma, kuma a daidai wannan gaɓa Google Earth Pro, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa da aka ɗauka daga sama, ta yi mana rana.

Asalin manhajar na wani kamfani ne mai suna Keyhole. Google ya saye shi a 2004, ya fito da ita da sunan Google Earth a 2005. Samfurin Pro na kwamfuta da can sai an biya, amma tun 2015 kyauta ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikinta wata 'yar alamar agogo ce da ke sama, wadda aka ƙara a 2009. Idan ka danna ta, sai ka riƙa ja baya shekara bayan shekara kana kallon yadda wuri yake a hotunan da aka ɗauka daga sama.

Da aka zo da maganar gina rukunin gidaje a bayan unguwarmu, dattawa sun yi ta cewa ruwa na bi ta tsakiyar filin, amma masu awo da rani suka zo, ƙasa a bushe ƙamas. Na buɗe tsofaffin hotuna. A na ƙarshen damina, ga wani zirin kore mai duhu ya taso daga tudu, ya lanƙwasa ta tsakiyar filin, ya faɗa kwalbatin babban titi. Ga kuma wani farin layi siriri da ya ratsa filin a karkace, hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, tana nan a kowane hoto. Na ja layi a kan zirin, manhajar ta fitar da yadda ƙasa ke gangarowa daga farko zuwa ƙarshe. Da alamar rula kuma na auna tsawon hanyar yaran.

Awon nan ya fi hoton amfani a wajen ciniki. Mai gini ba dukkan fili yake sayarwa ba. Tituna, magudanan ruwa da sarari suna cin kasonsu, abin da ya rage shi ne zai biya bashi ya bar riba. Idan unguwa ta ce ba ta yarda da aikin ba gaba ɗaya, da wuya a saurare ta, domin filin nasa ne kuma mutane na bukatar muhalli. Amma idan aka ce a bar lungu mai faɗin mita uku daga nan zuwa can, magudana kuma ta bi inda ruwa ya saba bi, to an ba shi abin da zai iya lissafawa.

A zaman da aka yi, wani dattijo ya shimfiɗa hoton da muka buga, ya ɗora yatsa a kan zirin ya ce, "Injiniya, idan katanga ta tsaya a nan, ina ruwan nan zai bi?" Injiniyan ya daɗe yana duban ranar da ke ƙasan hoton, sannan ya ce, "Baba, a ba ni kwafi, zan kai wa masu zane." Gani ya kori ji. Mun nace a sa lungun da magudanar a cikin taswirar da za a miƙa wa hukuma, saboda alkawarin baki ba ya hana katanga tashi.

Sai dai a san iyakarta. Hotunan ba na yau ba ne, wani ya yi watanni, wani shekaru, don haka kullum a duba rana. Birane sun fi karkara yawan hotuna, gajimare kuma kan rufe na damina, waɗanda su ne aka fi bukata. Mafi tsufa, irin na taurarin ɗan'adam na Landsat da ke komawa 1984, kowane ɗigo a cikinsu mita 30 ne, gida ma ba ya fita. Awonta kintace ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin safiyo, kuma kada kowa ya ɗauke shi ya je rigimar iyaka da maƙwabci. Ba ta nuna wanda ya mallaki fili ko izinin da aka bayar. Wannan sai an taka zuwa ofishin hukuma an nemi ganin takardu.

A ƙasashe da dama, babban aiki sai an yi masa nazarin tasirinsa ga muhalli, a kuma ba jama'a wa'adin miƙa ƙorafi a rubuce. Hotunan nan sun dace a liƙa su a jikin irin wannan takarda. Wanda ba shi da kwamfuta, tun 2024 ana samun tsofaffin hotunan a Google Earth ta waya, ko da yake ni na fi samun sauƙin ja da awo a babban allo. Ina ba kowane kwamiti shawara ya zana hanyoyin ruwa da na ƙafa na unguwarsa tun kafin a ji labarin wani aiki, ya adana su a fayil ɗin KMZ, wato irin fayil ɗin da manhajar ke ajiye zane a ciki, ya raba wa mambobi, kowane hoto da ranar da aka ɗauke shi.