KardiaMobile: Abin da na Gani Bayan Shekara Biyu Ina Auna Bugun Zuciyata da Ita

Kusan wata takwas na yi ina zuwa asibiti da koke guda ɗaya, kuma kullum sakamakon gwajin guda ɗaya ne. Abin yakan zo mini ne galibi bayan sallar isha'i ko cikin tsakar dare, in ji ƙirjina yana fuffuka kamar an rufe tsuntsu a cikin ƙwarya, numfashina ya ragu, jikina ya mutu, har hawa matakala uku ya zama aiki. Kafin gari ya waye in isa asibiti, zuciyar ta riga ta koma daidai, sai a manna mini wayoyin ECG, injin gwajin bugun zuciya, a ƙirji, takarda ta fito babu wani aibi a cikinta. An taɓa ɗaura mini na'urar Holter, wadda ake kwana da ita tana naɗar bugun zuciya na tsawon awa 24, amma lalurar tawa takan yi mako biyu ko uku ba ta taso ba, don haka ita ma ba ta kama komai ba. Babu laifin kowa a nan, domin likita ba zai ɗora mutum a kan magani mai nauyi ba tare da hujja a hannunsa ba.

A cikin wannan hali ne babban ɗana ya dawo daga tafiya da KardiaMobile, ya ce, "Baba, duk lokacin da abin ya taso, ka ɗora yatsunka a nan." Na karɓa ne ba tare da na sa rai da wani abin kirki ba, saboda ƙanƙantarta. Tsawonta bai wuce santimita takwas da ɗoriya ba, nauyinta giram 18, kuma babu komai a fuskarta sai faranti biyu na ƙarfe, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ba ta da allo, ba ta da maɓallin kunnawa, ba a kuma yi mata caji, domin ƙaramin batir mai kama da kwabo, samfurin CR2016, shi ne ke riƙe ta kimanin shekara guda. Kamfanin AliveCor na jihar Kalifoniya a Amurka ne ke ƙera ta, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da samfurinta na farko tun a shekarar 2012, lokacin da take a matsayin rigar wayar iPhone.

Aiki da ita ba shi da wuya. Mutum zai buɗe manhajar Kardia a wayarsa, ya ajiye na'urar kusa da wayar, ya ɗora yatsu biyu na kowane hannu a kan farantan, ya natsu na daƙiƙa 30. Na'urar tana aika saƙonta ne ta wani siririn sauti da kunnen ɗan Adam ba ya ji amma makirfon waya yana kama shi, sai layin bugun zuciya ya riƙa gudana a allo kamar yadda ake gani a asibiti. Da lokacin ya cika, manhajar za ta faɗi adadin bugun a minti ɗaya, ta kuma faɗi hasashenta: ko bugun daidai yake, ko akwai alamar karkarwar zuciya, ko yana da sauri, ko yana tafiya a hankali, ko kuma ba ta iya tantancewa ba.

Kwana goma sha ɗaya da zuwanta abin ya taso mini da misalin ƙarfe ɗaya na dare. Uwargida ta riƙe mini wayar, ni kuma na zauna a bakin gado na dafa gwiwar hannuna a kan teburi. Layin da na saba gani yana tafiya da tazara iri ɗaya sai na gan shi ya rikice, wani bugun ya matso kusa da ɗan'uwansa, wani ya yi nisa, adadin kuma ya kai 132. Na maimaita sau biyu cikin awa guda, sakamakon bai canza ba. Washegari ɗana ya fitar da shi a takarda, muka kai wa likitan zuciya. Ya daɗe yana dubawa da biro a hannunsa, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, wannan takardar muke nema tun bara." Ya nuna mini cewa a lafiyayyen bugu akwai wani ɗan tudu ƙarami da ke zuwa kafin kowane dogon tsini, wanda ke nuna ɗakunan saman zuciya sun matse yadda ya kamata, amma a tawa takardar tudun ya ɓace gaba ɗaya, kuma tazarar tsinayen ba ta bin wani tsari. Waɗannan alamu biyu su ne shaidar cutar da likitoci ke kira atiriyal fibirileshan, suna taƙaita ta da AF.

Bayanin da ya yi mini a ranar ya sauya yadda nake kallon lalurar. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama biyu a ƙasa. A cikin wannan cuta, saƙon lantarkin da ke sarrafa ɗakunan sama yana ruɗewa, sai su riƙa karkarwa ɗaruruwan sau a minti maimakon su matse sau ɗaya da ƙarfi. Jinin da ba a tura shi da kyau ba yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu, ya yi guda, kuma idan gudan ya ɓalle ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan cuta haɗarinsa na shanyewar ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar. Ni fuffukar ƙirji nake tsoro, ashe abin tsoron na gaskiya ba ya ma yin ciwo. Likitan ya lissafa makin haɗarina bisa ma'aunin da suke amfani da shi: maki ɗaya don na haura shekara 65, maki ɗaya don hawan jini, kuma maki biyu ga namiji ya isa a fara maganin hana jini yin guda. Bayan hoton zuciya da gwajin jini na maƙoshi da na ƙoda, ya ɗora ni a kan apixaban safe da yamma, da bisoprolol don rage saurin bugun.

Idan da za a tambaye ni amfanin na'urar a jumla ɗaya, wannan daren zan kawo. Ta kama abin da yake zuwa ya tafi kafin a kai ga asibiti, ta kuma ajiye shi a surar da likita zai karanta da idonsa. Daƙiƙa 30 ɗin nan ma ba a banza aka zaɓe su ba, domin ƙa'idojin ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai na 2020 sun yarda cewa naɗin layi ɗaya mai wannan tsawo ya isa a tabbatar da cutar, muddin likita ne ya duba shi. Akwai kuma binciken da aka yi a Suwansi ta yankin Wales, aka wallafa a 2017, inda aka raba mutum 1,001 da suka haura shekara 65 gida biyu. Waɗanda suka riƙa aunawa da na'urar sau biyu a mako har shekara guda an gano cutar a jikin 19 daga cikinsu, waɗanda aka bari a kan kulawar da aka saba kuwa biyar kacal aka gano. A 2022 hukumar NICE ta Ingila, wadda ke ba asibitocin gwamnatin ƙasar shawara, ta amince a yi amfani da ita ga masu irin halin da na shiga, wato waɗanda ake zargin cutar tana zuwar musu lokaci-lokaci.

Samun tsaftataccen naɗi yana buƙatar ɗan koyo, kuma yanayinmu yana da nasa tasirin. A lokacin hunturu fatar yatsu takan bushe ƙwarai, sai layin ya riƙa tsalle, maganin abin kuwa shi ne a ɗan jiƙa yatsun da ruwa kafin a ɗora. Ba a aunawa waya tana jone da caji, kuma na lura cewa nesa da janareto da rediyo naɗin ya fi fitowa sarai, abin da ya dace da yadda na'urar ke aika saƙonta ta sauti. Danna farantan da ƙarfi ɓata aikin yake yi, saboda motsin tsokar hannu yana shiga cikin layin. A ɗora yatsu kawai a saki jiki, a kuma yi shiru. Dattijon da hannunsa ke rawa zai fi shan wahala a nan, kuma zai buƙaci ya kwantar da hannayensa gaba ɗaya a kan teburi. Manhajar tana bayani ne da Turanci, don haka wanda bai iya karanta shi ba sai da ɗa ko jika a kusa, ko da yake bayan 'yan kwanaki mutum yakan gane sakamakon da launinsa. Kafin a saya, ya kamata a duba jerin wayoyin da kamfanin ya ce suna aiki da ita, domin ba kowace waya ce ke ciki ba.

Iyakokinta kuwa kamfanin da kansa bai ɓoye su ba, kuma ina ganin duk mai niyyar saye ya fi buƙatar saninsu a kan sanin kyawawan halayenta. Ba ta gano toshewar jijiyar zuciya. Wanda ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko zufa mai sanyi, ko ciwo yana gangarawa hannun hagu, asibiti zai nufa nan take, ko da na'urar ta ce bugunsa daidai yake. Haka wanda bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe. Ba a ba da shawarar amfani da ita ga mai batirin zuciya a ƙirjinsa, kuma ba don yara aka yi ta ba. Tana kiran bugu daidai ne idan yana tsakanin 50 da 100 a minti, don haka mai shan irin maganina, wanda bugunsa kan sauka ƙasa da 50 yana hutawa, zai riƙa ganin wani sakamako dabam ba tare da wata sabuwar matsala ta faru ba. Layi ɗaya take naɗa, alhali injin asibiti sha biyu yake naɗa. Sannan abin da ya faru a daƙiƙa 30 ɗin kawai ta sani. Karkarwar da ta zo mutum yana barci ta wuce ba za ta taɓa saninta ba, kuma mutane da yawa cutar tana zuwar musu ba tare da sun ji komai ba.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a wurina, domin na kusa yin kuskure a kansa. Bayan wata huɗu a jere ina ganin sakamako mai kyau, sai zuciyata ta fara raya mini cewa na warke, ga maganin kuma da tsada. Da na faɗa wa likita, bai yi mini faɗa ba, amma ya ce, "Baba, shekarunka da hawan jininka ne suka sa na ba ka maganin nan, kuma babu wanda ya ragu a cikinsu." Tun daga ranar na daina haɗa sakamakon na'urar da shan magani. Ko a watan azumi, shi ya tsara mini yadda zan sha da sahur da buɗa baki, ban tsara wa kaina ba. Na san wasu da cutar ta same su ta dalilin lalacewar ƙofar zuciya tun daga zazzaɓin maƙogwaro na ƙuruciya, wanda har yanzu yana da yawa a ƙasashenmu, kuma su wani maganin hana jini yin guda mai suna warfarin ake ba su, tare da gwajin jini a kai a kai don a riƙe ma'aunin INR, mai nuna saurin yin gudan jini, tsakanin 2 da 3, da kiyaye yawan ganyen da suke ci irin su zogale da alayyahu kada ya riƙa hawa da sauka. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da na'urar za ta auna musu.

Akwai kuma wata illa da ba ta na'urar ba ce, ta mai riƙe da ita ce. A watannin farko nakan auna sau goma a yini, duk ɗan motsin da na ji a ƙirji sai na ɗauko ta, har uwargida ta lura cewa na daina zuwa majalisar da nake zama bayan la'asar. Damuwar da kanta tana ƙara wa zuciya sauri, saurin kuma ya ƙara damuwa. Muka yi yarjejeniya da likita cewa zan auna sau biyu a mako da safe, sai kuma duk lokacin da na ji alama ta gaske, in rubuta abin da nake yi a lokacin. Daga wannan rubutu ne muka gane cewa yawancin tasowar abin yana biyo bayan daren da ban samu barci ba ko ranar da jinina ya hau, kuma hakan ya sa aka gyara mini maganin hawan jinin.

Game da kuɗi, a Amurka farashinta bai kai dala 100 ba, amma da canjin yau wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan fansho. Kamfanin yana da tsarin biyan kuɗi na wata-wata mai ƙarin hasashe da rahotanni, ni dai ban shiga ba, domin aunawa da tura wa likita sakamakon ba sa buƙatarsa. Akwai babbar 'yar'uwarta, KardiaMobile 6L, wadda ta fito a 2019, mai faranti na uku a ƙasa da ake ɗorawa a gwiwa ko idon sawun hagu don ta naɗi layi shida, kuma ita da Bluetooth take haɗuwa da waya. Ta fi tsada, kuma likitana ya ce ga buƙatata ƙaramar ta wadatar.

Wanda zan ba shawarar ya saya shi ne mai irin labarina: yana jin fuffukar, gwajin asibiti yana fitowa lafiya, kuma yana da likitan da zai karanta masa naɗin. Haka wanda aka riga aka tabbatar masa da cutar kuma likitansa yana son sanin yawan tasowarta bayan sauya magani. Wanda karkarwar ta zauna masa dindindin ba zai ƙaru da yawa ba, domin kullum amsa ɗaya za ta ba shi. Wanda kuma kuɗinsa bai isa ya haɗa na'urar da maganin wata-wata ba, maganin zai saya, sannan ya koyi ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannunsa na minti guda yana sauraron ko tazarar bugun tana tafiya daidai. Haka na koya wa ƙanena, wanda shi ma yake da hawan jini, kuma da ya ji nasa yana tsallake a watan jiya, da tawa na'urar muka naɗa muka kai wa likita.