Bencin ɗakin motsa jiki ko bencin gasar nakasassu?

Bencin ɗaga nauyi a kwance da aka fi samu a ɗakunan motsa jiki na Bauchi siriri ne, gajere, don mai taka ƙasa da ƙafafu aka yi shi. Ba ka biyan kuɗin ƙera shi, amma wanda shan inna ya taɓa in ya kwanta a kai ƙugunsa karkacewa yake, sandar ƙarfen da yake ɗagawa ta tashi a karkace, kafaɗa ɗaya ta sha nauyin. A gasa alƙalai soke irin wannan ɗagawa suke.

Bencin gasa kuwa tsawonsa mita 2.1, faɗinsa santimita 61, ya tsuke zuwa 30.5 wajen kai, tsayinsa 48 zuwa 50. Ƙafafu na miƙe a kansa, ana iya ɗaure su da ɗamara. Shi ya fi dacewa, kuma mai walda zai iya ƙera shi. A dai sa soso mai tauri, don mai laushi nutsar da baya yake.