Bayan tiyatar kansar fata a ƙafa: me za ka saya, me za ka bar musu a shago

Duk wanda aka cire masa kansar fata a ƙafa, ko a ƙwauri ne inda tsohon gyambo ko tabon ƙuna ya rikiɗe, ko baƙin tabon nan na tafin ƙafa da likitoci ke ce wa melanoma, da an sallame shi daga asibiti masu shawara za su yi masa caa, wannan ya ce a sayo injin tausa, wancan ya ce fitilar gashi, wata ta ce akwai wani mai da ake kawowa daga waje, ga kuɗi kuma tiyata ta riga ta cinye. To ni dai jinyar yayana na yi, an yanke masa wuri mai faɗi a ƙwauri aka ɗebo fata daga cinyarsa aka dasa, aka kuma cire masa kaluluwar matse-matsi, kuma abin da na gani da idona shi ne ba raunin ne ke hana mutum tafiya ba bayan ya warke, kumburi ne da sandarewar idon sawu. Don haka duk abin da za ka saya ka tambayi kanka, wannan yana rage kumburi ko yana sa gaɓa ta lanƙwasu? In babu ko ɗaya ka riƙe kuɗinka.

Kafin maganar kaya, kuɗin farko na likitan fisiyo ne, wato mai koyar da atisayen motsa gaɓoɓi, wannan ba na jayayya da kowa a kai. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da na Shika a Zariya, da na koyarwa a Sakkwato da Maiduguri, kuma ko ba ka iya zuwa kullum, zuwa kaɗan ma a koya maka atisayen da za ka riƙa yi a gida ya fi komai. Dalili kuwa fatar da aka dasa tana tsukewa yayin da take warkewa, ga shi an hana ka motsa ƙafar kusan kwana 5 zuwa 7 na farko don dashen ya kama, in ba a kula ba ƙafar sai ta zube ƙasa, agara ta gajarce, ka tashi ka ga diddige ba ya taɓa ƙasa, sujada da zaman tahiya da tsugunno a banɗaki duk su gagara. In za a kawo maka wanda zai riƙa zuwa gida, ka tambaye shi rajistarsa da hukumar MRTB, ita ke ba su lasisi a Najeriya, mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abin da nake so a zuba wa kuɗi da gaske shi ne safar matsi ta asibiti wadda aka auna ƙafarka kafin a ba ka. Wallahi tun da yayana ya fara sa ta gaske tafiyarsa ta canza, da can zuwa la'asar ƙafar ta yi suntum ta yi nauyi ko takalmi ba ya shiga, mutum kuma in ƙafarsa ta yi nauyi ba zai taka ba, in bai taka ba kumburin ya ƙaru, haka abin yake ta zagayawa. Yadda take aiki shi ne ta fi matsewa a idon sawu sannan matsin yana raguwa zuwa sama, sai ta riƙa tura ruwan da ya taru yana komawa jiki, musamman ga wanda aka cire wa kaluluwa tunda hanyar da ruwan ke bi an yanke ta. Aji-aji ce, kuma ƙarfin a rubuce yake a jikin kwali da lamba da haruffan mmHg, a ma'aunin Jamus da kamfanoni da yawa ke bi aji na 1 daga 18 zuwa 21 ne, aji na 2 daga 23 zuwa 32, aji na 3 daga 34 zuwa 46, yawanci aji na 2 ake rubuta wa masu irin wannan kumburi amma likita ne zai zaɓa ba mai shago ba. Sunayen da aka sani su ne Jobst, Sigvaris, Juzo da mediven. Awo da safe ake yi kafin ƙafa ta cika, a auna siririn wurin idon sawu, a auna sha-raɓa inda ya fi kauri, da ƙasan gwiwa, da cinya in doguwa za a saya. In kumburin ya tsaya a ƙasa mai tsayawa ƙarƙashin gwiwa ta wadatar kuma ta fi sauƙin jurewa, in ya hau cinya dole sai doguwa. Ni na fi son mai buɗaɗɗen yatsu saboda zafin garinmu, kuma kana iya ganin launin yatsun, in sun yi sanyi ko sun canza kala ko sun mutu ka cire nan take.

In da hali a sayi biyu, ɗaya a jiki ɗaya a wanki. Da hannu ake wankewa da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, kar a sa a rana kar a goge, kuma ko ta gaske ce bayan kamar wata 6 ƙarfinta ya tafi sai sabuwa. Da safe ake sawa, da dare a cire sai in an ce maka akasin haka. Abu biyu kuma dan Allah a riƙe, kar a ja safa a kan dashen da bai gama warkewa ba don jan kaɗai zai iya saɓule fatar, sai likitan tiyata ya ce to, sannan mai ciwon suga ko wanda jini ba ya sauka ƙafarsa sosai sai an duba shi tukuna, matsi a irin wannan ƙafar yana iya jawo sabon rauni.

Bandejin kemis mai ruwan ƙasa, na riƙe diresin ne kawai, ka yi taku kaɗan ya zame. Akwai wani naɗin bandeji hawa-hawa da fisiyo ke yi don rage babban kumburi kafin a auna safa, wannan daban ne kuma aikin hannunsu ne. Farar safar da ake sa wa majinyaci a gadon asibiti ta hana daskarewar jini ce ga wanda ke kwance, ba ta mai tafiya ba ce. Injin tausa mai girgiza, bar musu kayansu.

Maganar jabu kuwa nan ne raina ke ɓaci. Wani ɗan'uwanmu da kyakkyawar niyya ya sayo wa yayana safa a wani shago, kwali mai ƙyalli da hoton ƙafa, mai shagon har da rantsuwa wai irin ta asibiti ce kuma tana shiga kowa, aka sa masa, kafin azahar bakin ya naɗe ya taru a ƙasan gwiwa ya shaƙe wurin kamar igiyar da ake ɗaure hannu in za a ɗebi jini, ƙasa ta ƙara kumbura, gefen dashen ya saɓule sai da aka koma diresin, tafiyar da ya fara ta tsaya cak. Tun daga nan duk kwalin da aka miƙo min lambar mmHg nake fara nema, in babu na ajiye. In an ce girma ɗaya ne na kowa da kowa ƙarya ce, ta gaske tana da jadawalin awo a santimita a bayan kwali ko a takardar ciki. Ka duba sunan kamfani da ƙasar da aka yi, ka duba ko an rubuta ajin a jikin safar kanta, ka sa hannu ciki ka ji, idon sawu ya kamata ya fi sama tauri sosai, in ko'ina ɗaya ne safar sanyi ce aka sa wa tsada. Ta gaske da wuyar sawa take, wadda ta zura salin-alin ba abin da za ta yi maka. Masu talla a Facebook da TikTok da ke cewa tasu tana da maganaɗisu ko tana fitar da guba ko tana narkar da kitse, wasu ma har su ce tana hana kansa dawowa, su ji tsoron Allah, babu safar da ke hana kansa dawowa, zuwa asibiti a ranar da aka ba ka ne ke sa a kama ta da wuri. Haka ta gwanjo, ko da sunan babban kamfani a jiki, robar ta riga ta saki kuma ƙafar wani aka auna. Mai sayarwar da bai ɗauko tef ya auna ka ba, bai kuma tambayi takardar likita ba, ka fita daga shagon.

Duk wani abu mai zafi shi ma ka sa shi a layin cuta, fitilar gashi ja, robar ruwan zafi, tawul da tafasasshen ruwa, man zafi. Fatar da aka dasa ba ta jin zafi kamar sauran jiki, za ta ƙone mai ita yana hira bai sani ba, zafi kuma yana ƙara kumburi. Mai ɗori ba karaya ba ce balle a kai masa, kar a bari a ja ko a murza ko a yi tsaga a wurin. Abin shafawa kuwa ba sai mai tsada ba, bayan ya rufe gaba ɗaya man kaɗanya mai tsabta ko Vaseline ya isa, tunda fatar ba ta fitar da maiƙo da kanta bushewa take ta tsage, a shafa da dare bayan an cire safa, a rufe wurin daga rana, tabon yana ɗaukar shekara ɗaya ko fiye kafin ya gama laushi.

Abin dogarawa ba sai an kashe da yawa ba don na ɗan lokaci ne, aro ma ya yi in robar gindin ba ta cinye ba. Sandar hammata a bar tazarar yatsa 2 zuwa 3 tsakaninta da hammata, nauyi a tafin hannu yake, in ka rataya a kanta jijiyar hannu za ta iya mutuwa, ni na fi son ta gwiwar hannu mai ramukan ƙara tsawo. Dattijo ko mai jiri a ba shi mai ƙafa huɗu. In an koma sanda ɗaya a hannun da ke gefen lafiyayyar ƙafa ake riƙewa, mutane da yawa suna juya wannan. Keken guragu na zuwa asibiti ne kawai, in aka zauna a kai yini guda ƙafa na reto kumburin zai dawo. Kujerar banɗaki kuwa a saya, ko kafinta ya haɗa, tana da amfani sosai a watannin farko. Wanda aka yi wa a tafin ƙafa ko diddige ya je sashen da ke yin takalma da ƙafar roba, irin na Dala, a yi masa shimfiɗar ciki da za ta ɗauke nauyi daga kan dashen, silifa mai tsinke tsakanin yatsu ba nasa ba ne yanzu.

In ƙafar ta yi ja ta yi zafi ga zazzaɓi, ko sha-raɓa ya kumbura farat ɗaya da ciwo, ko ka ji sabon ƙullutu a matse-matsi ko kusa da tabon, a cire safar, kar a tausa, a tafi asibiti a ranar.