Wata Bakwai Bayan Gyaran Tagogin Gidana: Abin da Na Gani

A farkon hunturun da ya wuce, wata rana bayan sallar asuba, na shiga ɗakin mahaifiyata domin in gaishe ta, sai na tarar labule yana kaɗawa, sanyi ya cika ɗakin, ita kuwa tana zaune a kan darduma ta lulluɓa da mayafi biyu tana tari. Na je in rufe tagar, na kama hannun na murɗa da ɗan ƙarfi kamar yadda muka saba tun da ta fara gardama, sai kawai hannun ya ɓalle ya biyo ni, ya bar guntunsa a jikin ƙyauren. Shi ne hannu na uku da ya karye a wannan tagar cikin shekara biyu, kuma a ranar na yanke shawarar cewa ba zan sake sayen wani hannun in ba wa wani ya ɗaura ba sai na san abin da yake karya su. Na jinkirta rubuta wannan sharhi da gangan har aikin da aka yi ya ga ƙurar hunturu, ya ga zafin bazara, ya kuma ga iskar farkon damina, domin a ranar da aka gama gyara kowace taga lafiya lau take buɗewa.

Gidan yana Kano, mun tare a cikinsa a shekarar 2014, kuma tagoginsa goma duk na alminiyom ne. Shida daga ciki irin waɗanda ake turawa waje ne, masu aikin suna ce musu kesimen, sauran huɗun kuma na zugewa ne, waɗanda ƙyaure ɗaya yake bi ta bayan ɗaya. Mutumin da ya yi mana gyara sau biyu a baya bai taɓa wuce minti goma a gaban taga ba. Yakan kwance karyayyen hannu, ya ɗaura sabo, ya danna ƙyauren da kafaɗa har ya shiga, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ban ce ya cuce ni ba, domin abin da na nema shi ya yi, amma ko sau ɗaya bai leƙa ƙasan ƙyauren ya ga abin da ke faruwa a can ba.

Wanda nake magana a kansa yanzu wani maƙwabcina ne ya haɗa ni da shi. Magidanci ne mai ƙaramin shagon aikin alminiyom, yana da yara biyu da suke koyon sana'a a hannunsa. Da ya zo, na miƙa masa karyayyen hannun ina tsammanin zai duba irinsa ya faɗi kuɗi, sai ya juya shi sau ɗaya ya ajiye a kan kujera, ya nufi tagar. Ya buɗe ta a hankali har ƙarshe, ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙyauren ya ɗaga sama, sai muka ga ya motsa kamar faɗin ɗan yatsa kafin ya tsaya. Ya nuna mini wani farin layi a gefen firam na ƙasa inda fenti ya goge saboda guga, sannan ya ce, "Malam, hannun nan ba shi da laifi. Ƙyauren ne ya sauka, kullum da hannun kuke jan nauyinsa ku tura shi ciki. Ko goma aka sa, haka za su riƙa karyewa." Na tambaye shi ko sai an sake tagar gaba ɗaya, ya ce firam ɗin da gilashin duk lafiyarsu ƙalau, kuma ba zai sa ni asarar da ba ta zama dole ba.

Bayanin da ya yi mini a gaban tagar shi ne abin da na fi amfana da shi a duk aikin, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa. Irin wannan taga ta turawa waje ba ta rataye a kan hinji irin na ƙofa. Wasu siraran ƙarafa ne masu gaɓoɓi suke riƙe da ita, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma kowanne yana da ɗan takalmi da yake zamewa a cikin kwarmi duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe. Matsewar wannan takalmi a cikin kwarmin ita ce take tsayar da ƙyaure a inda aka bar shi, iska ba ta buga shi, kuma akwai wani ƙaramin noti a jikinsa da ake ƙara wa ko rage wa matsewar. A tagar Hajiya mahaifiyata, kwarmin ƙasa ya cika da wani baƙin abu mai kauri kamar kwalta. Ya kankaro shi da bakin sukudireba ya zuba mini a tafin hannu, ya tambaya ko muna zuba wa tagar baƙin mai. Na amsa cewa ni da kaina nake ɗiga mata man inji duk lokacin da ta yi tauri, ina ganin taimakonta nake yi. Ya ce man shi ne yake kama ƙurar hunturu ya riƙe, su cakuɗe su zama kamar yashin goge ƙarfe, su ci takalmin, gaɓoɓin su saki, ƙyaure ya sunkuya. Daga nan harshen hannun ba ya sake haɗuwa da mazauninsa daidai, sai mutum ya ƙara ƙarfi, alhali yawancin hannayen da ake sayarwa na zubi ne daga gamin tutiya, wanda ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya.

Bayan ya zagaya gidan duka, ya rubuta mini abin da kowace taga take buƙata a bayan wata takarda. Uku daga cikin shidan sai an sake musu ƙarafan riƙo, biyu wanki da ɗaure noti kawai suke so, ɗaya kuma hannu ne kaɗai ya lalace. Ya ba ni zaɓi, ko in ba shi kuɗi ya sayo kayan, ko mu je tare, kuma na zaɓi mu je tare. Mun fara da kasuwar Ƙofar Ruwa, muka ƙare a ta Sabon Gari, yana riƙe da tsohon ƙarfe ɗaya da ya kwance domin gwaji. A wurin ne na ga cewa ƙarafan suna da tsawo daban daban, akwai na inci 10, na 12, na 16, kuma wanda ya gina gidan ya sa wa manyan tagogin ɗakunan kwana na inci 10, wanda ya yi musu kaɗan tun asali. Mai gyaran ya ƙi wasu masu araha da mai shago yake ta yabo, ya nuna mini yadda suke lanƙwashewa tsakanin yatsu biyu, ya zaɓi masu kauri na farin ƙarfe marar tsatsa. Yana ɗauke da ɗan maganaɗisu a aljihu yana ɗora shi a kan kowanne, wanda ya kama sosai sai ya ajiye shi gefe, ko da yake shi da kansa ya ce gwajin ba ya raba gardama gaba ɗaya, dole a haɗa da duba kauri da nauyi. Masu kaurin sun kusa ninka na arahar a kuɗi, na ɗan yi jim, amma da na tuna hannaye uku da suka riga suka karye na zubar, sai na biya.

Aikin kansa ya burge ni ta fuskar natsuwa. Duk ƙyauren da zai sauke sai yaro ɗaya ya riƙe shi daga waje, a kwantar da shi a kan tabarma, ba a jingina gilashi da bango ba. Inda ramukan noti suka buɗe, domin alminiyom ɗin siriri ne kuma an sha ɗaurewa ana kwancewa, bai cusa ashana ko guntun roba ba kamar yadda na ga ana yi, sai ya huda sabon rami kusa da tsohon ya matse da ribit, wato ƙusar da ake matsewa da na'ura ta kame ƙarfe biyu wuri ɗaya. A tagar Hajiya ya auna ƙyauren daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, ya ga awon bai zo ɗaya ba, sai ya zare robar da ke riƙe da gilashi, ya sa wasu ƙananan filastik a kusurwar ƙasa ta gefen da ƙyauren yake rataye da kusurwar sama da ke fuskantarta, ta yadda gilashin da kansa zai tokare firam ɗin ƙyauren ya hana shi sake sunkuyawa. Da ya mayar, ya kira Hajiya ya ce, "Mama, zo ki gwada da hannunki." Ta ja tagar da yatsu biyu ta rufe, hannun ya kwanta ba tare da wata ƙara ba, ta sake buɗewa ta rufe, sannan ta sa masa albarka.

Tagogin zugewa ba su ɗauki lokaci ba. Ya ɗaga ƙyamaren ya fitar, ya sake tayoyi huɗu da suka cinye har suka baje ta gefe ɗaya, ya share kwarmin da busasshen buroshi, ya tsokane ƙananan ramukan da ruwan sama yake fita ta cikinsu waɗanda ƙasa ta toshe, sannan ya goga kyandir a kan layin maimakon mai. Makullin taga ɗaya da ba ya kamawa, ashe mazauninsa ne ya goce, noti biyu kawai ya sassauta ya daidaita shi.

Duk da haka akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba zan ɓoye su ba domin wanda zai nemi irin wannan aiki ya shirya. Na farko shi ne saɓa alkawari. Aikin da ya ce na kwana biyu ne ya kai kwana shida, domin bayan rana ta farko ya ɓace kwana uku yana wani babban aiki a wata unguwa, ya bar taga ɗaya ta ɗakin yara babu ƙyaure, muka toshe ta da kwali da zane cikin tsananin sanyi. Da ya faɗa mini tun farko cewa yana da wani aikin a hannu, da na jira shi ya gama, ko kuma in hana a sauke ƙyauren da ba za a mayar a ranar ba. Na kira shi sau da dama, kullum amsar ita ce yana nan tafe. Na biyu, hannayen irin waɗannan tagogi akwai na dama akwai na hagu, kuma ba mu sami na hagu fari ba a kasuwa, sai ya sa baƙi a taga ɗaya ta falo yana cewa zai kawo farin daga baya, har yau bai kawo ba. Sannan yaransa sun bar ɓurɓushin alminiyom da guntayen ribit a ƙasa, a gidan da ke da yaro mai rarrafe, sai da uwargida ta bi ɗaki ɗaki da tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗaya daga cikinsu kuma ya karce firam ɗin tagar kicin da bakin na'urar huda, bai faɗa ba sai da na gani da kaina. Maigidan nasu ya ba da haƙuri ya kuma yi wa yaron faɗa a gabana, amma karcen yana nan.

Game da kuɗi, ban ga zalunci ba. Kuɗin kaya na biya da hannuna a kasuwa, saboda haka babu zargin an ɗora mini wani abu. Kuɗin aiki kuwa mun yi ciniki kafin a fara, na ba da rabi a matsayin kafin alƙalami, na riƙe rabi sai da na bi kowace taga na buɗe na rufe, kuma ina ganin wannan riƙon ne ya taimaka wajen dawo da shi bayan ɓacewar da ya yi. Idan aka haɗa kaya da aiki, abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da wani shago ya yanka mini na sababbin tagogi shida ba.

Yanzu wata bakwai ke nan. Babu hannu ko ɗaya da ya karye ko ya saki, kuma ƙurar da muke sharewa a dakalin tagar Hajiya kowace safiya ta ragu ƙwarai tun da ƙyauren ya koma yana manne wa robarsa. A watan Yuni, da aka yi iskar nan mai zuwa da jar ƙasa gabanin ruwa, na tsaya a ɗakin ina kallo, tagar da a da take bugawa har sai an ɗaure ta da igiya a jikin sandunan ƙarfe ba ta ko girgiza ba, kuma ruwa bai taru a kwarmin tagogin zugewa ya gangaro bango ba kamar bara. Na daina zuba baƙin mai, sai dai duk ƙarshen wata in bi kwarmin da tsohon buroshin haƙori in share, aikin da ba ya cin minti ashirin a gidan duka. Maƙwabta biyu sun tambaye ni game da shi, na ce su kira shi, amma su yi sharaɗi cewa duk ƙyauren da aka sauke a ranar za a mayar, su kuma kwashe yara daga ɗakin har a gama shara.

Taga ɗaya ce har yanzu take damuna, wato ta ɗakina, wadda take yin fito idan iska ta kaɗo daga gabas. Da na kira shi ya zo ya duba ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, ya ce ƙarfen riƙon lafiya yake, robar gefen ce ta bushe ta tsuke saboda rana, kuma irin kaurinta ya yanke a kasuwa a lokacin. Ya yanki ɗan guntunta ya sa a aljihu domin ya nemo daidai da ita, ya ce zai haɗo da farin hannun falo ya kawo tare. Makonni uku ke nan da muka yi wannan magana, kuma na tura masa saƙo jiya da yamma ina tuna masa.