Furojestaron na jiki da na allurar wata uku: ina suka haɗu, ina suka rabu

Wata ƙanwarmu daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ta ce tun da ta yi allurar tazarar haihuwa a asibitin CSI, haila ta ɗauke mata wata biyar. An gaya mata jikinta ma yana yin irin sinadarin da ke cikin allurar, wato furojestaron. To me ya sa na jiki bai hana haila ba, kuma ina jinin yake taruwa?

Ƙanwata, bari mu fara da na jiki. Kowane ƙwai yana cikin ƴar jakarsa a ma'ajiyar ƙwai. Sinadarin FSH daga ƙwaƙwalwa shi ke rainon jakunkunan nan, har ɗaya ta fi saura girma. Sai LH, wani sinadarin shi ma daga ƙwaƙwalwa, ya hau lokaci guda, jakar ta fashe, ƙwai ya fito. Fankon jakar kan rikiɗe ya zama rawaya, shi ke zubo furojestaron. Wannan sinadari ya gyara shimfiɗar mahaifa, ya kuma aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ta sassauta, kada a raini wani ƙwai yanzu. Amma wa'adinsa gajere ne, kamar kwana 14. In ciki bai shiga ba, sai ya faɗi, shimfiɗar ta zube, ita ce haila, FSH ya sake tashi. In ciki ya shiga, yakan ci gaba har mabiyiya ta karɓi aikin wajen mako 10.

Na allura ɗan'uwansa ne da aka haɗa a masana'anta. Depo-Provera miligiram 150 ce a tsoka, Sayana Press kuma 104 ƙarƙashin fata, kowacce duk mako 13. Saƙon da suke kai wa ƙwaƙwalwa ɗaya ne da na jiki, sai dai ba hutu. Na jiki baƙo ne mai zuwa bayan ƙwai ya fito, ya yi mako biyu ya tafi. Na allura zaune yake dare da rana, saboda haka LH ba ya samun hawa, jakunkunan su tsaya ƙanana, ƙwai bai fito ba.

Nan nake so a tsaya a saurara, don wannan tsoro ya sa mata da yawa kwana da fargaba: ba jinin da ke taruwa a cikinki. Jakar da ke girma ita ke yin sinadarin isturojin mai kaurara shimfiɗar mahaifa. Tunda ba ta girma ba, shimfiɗar siririya ce, ba abin zubarwa. Kusan rabin masu wannan allura haila takan ɗauke musu bayan shekara ɗaya. Ƙwayayenki kuma allura ba ta ƙone su ba.

Inda nake ganin ya kamata a riƙa faɗa wa mata gaskiya tun farko shi ne komawar haihuwa. Allurar tana daɗewa kafin ta bar jiki, yawanci akan kai wajen wata 10 daga ta ƙarshe kafin ciki ya shiga. Ashanar dantse kuwa, wato ƴar sandar tazarar haihuwa da ake sakawa ƙarƙashin fata, da an cire ta, ƙwai kan dawo fita cikin ƴan makonni. In ke da maigida kuna son ciki baɗi, ki faɗa wa ungozomarki kafin ranar allura ta gaba.